Kujerar ta waye: ta ɗan majalisa, ta jam'iyya, ko ta mazaɓa?

Baban Hanifa:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Tun da aka kammala zaɓen cike gurbi na Asabar 16 ga Agusta, 2025 nake son kawo wannan magana, sai na bari ƙura ta lafa don kada a ce zafin sakamako ne ke ɗibata. Marigayi Halilu Ibrahim Kundila, ɗan majalisar jihar Kano mai wakiltar Bagwai da Shanono, Allah ya yi masa rasuwa a watan Afrilun 2024. Ba a zaɓi wanda zai gaje shi ba sai cikin Agustan 2025. Ku lissafa da kanku, wata 16 ke nan ƙananan hukumomi biyu ba su da baki a zauren majalisa. An kawo kasafin kuɗin 2025, an tattauna, an amince da shi, babu wanda zai miƙe ya ce ga hanyarmu ta lalace, ga makarantar da iska ta yaye rufinta.

A daidai wannan lokacin kuma Sanata Kawu Sumaila na Kano ta Kudu ya bar NNPP ya koma APC, wasu 'yan majalisar wakilai na jihar ma suka bi. A Kebbi sanatoci uku cur suka bar PDP a watan Mayun 2025. Babu ko ɗaya da ya ajiye kujera ya koma gida neman sabuwar ƙuri'a. Wanda mutuwa ta ɗauke, an bar mazaɓarsa wayam. Wanda ya ɗauke kansa daga jam'iyyar da aka dangwala wa, an bar masa kujera da albashi. Ni a ganina duk wanda ya sauya sheƙa ya yi murabus, a sake zaɓe cikin gaggawa, in mutanensa na tare da shi su maido shi. Me kuka gani?

Ɗan Gwale:
Wa alaikumus salam. Malam Baban Hanifa, sai yanzu da abin ya taɓa masu jar hula ka gane sauya sheƙa laifi ne? A Nuwamban 2013 gwamnoni biyar suka fice daga PDP suka shiga APC: Kwankwaso, Wamakko, Nyako, Amaechi da Abdulfatah Ahmed na Kwara. Wa ya sauka a cikinsu? Kwankwaso yana sanata a 2018 ya koma PDP, da kujerarsa ya tafi har ƙarshen wa'adi. A lokacin ban ji kuna kiran murabus ba.

Baban Hanifa:
Ka yi gaskiya ɗan'uwa, kuma ban cire kowa ba. Ka ƙara da Tambuwal, wanda ya bar PDP a Oktoban 2014 yana kakakin majalisar wakilai, ya kuma koma cikinta a 2018 yana gwamnan Sakkwato. A 2013 ina cikin masu murna, ba zan ɓoye ba. Shekaru goma sha biyu da na yi ina kallon yadda abin ke juyawa su suka sauya mini ra'ayi, don na ga duk wanda ya yi dariya yau gobe shi ke kuka.

Lauyan Zaure:
Bari in sa baki ta fuskar doka, don ana haɗa abubuwa biyu da kundin tsarin mulki ya raba.

Ɗan majalisa daban, gwamna daban. Sashe na 68(1)(g) na kundin 1999 ya ce sanata ko ɗan majalisar wakilai da jam'iyya ta tsayar, in ya shiga wata jam'iyyar kafin wa'adinsa ya ƙare, ya rasa kujerarsa. Sashe na 109(1)(g) ya faɗi haka a kan ɗan majalisar jiha. Sai dai an bar ƙofa: in ɓaraka ce ta raba jam'iyyarsa, ko ta haɗe da wata, to ba ya rasa komai. Ta wannan ƙofar kowa ke ficewa. Ku saurari wasiƙun da ake karantawa a zauren majalisa, kusan kowace za ka ji ta ce rikicin cikin gida ya dabaibaye jam'iyyata.

Kotun ƙoli ta yi ƙoƙarin rage faɗin ƙofar a shari'ar Ifedayo Abegunde na jihar Ondo, wanda aka zaɓa a Labour a 2011 ya koma ACN. Ta ce rigimar reshen jiha ba ta isa hujja ba, sai ɓarakar da ta taɓa uwar jam'iyya ta ƙasa har ta hana ta aiki. Hukunci mai kyau. Amma a wace shekara aka yanke shi? Afrilun 2015, saura 'yan makonni wa'adin nasa ya ƙare. Wannan shi ne lissafin da kowane mai sauya sheƙa ke yi: kafin shari'a ta kai ƙarshe na ci shekaruna huɗu.

Shi kuwa gwamna da shugaban ƙasa da mataimakansu, babu sashen da ya ce sun rasa kujera. Tun shari'ar Atiku ta 2007, lokacin da ya koma AC yana mataimakin Obasanjo, kotun ƙoli ta ce ba a raba shi da muƙaminsa saboda haka. A Maris 2022 wata babbar kotun tarayya a Abuja ta ce David Umahi na Ebonyi ya sauka saboda ya bar PDP, kotun ɗaukaka ƙara ta rushe hukuncin. Saboda haka, Ɗan Gwale, gwamnonin 2013 ba su karya doka ba. Ko sun cika alkawari, wannan wata maganar ce.

Maman Ikram:
Barista, to wa ke da alhakin cewa kujera ta zama babu kowa? Ina tambaya ne don abin ya taɓa cin mu. Ni da matan unguwarmu muka bi gida-gida muna koya wa tsofaffi inda za su dangwala, don ka san a takardar ƙuri'a babu sunan mutum ko hotonsa, tambarin jam'iyya ne kawai. Wata tsohuwa sai da na zana mata tambarin a tafin hannu da biro. Ba a yi shekara biyu ba muka ji a rediyo ɗan majalisar namu ya koma wancan ɓangaren da muka yini a rana muna hana shi cin akwatinmu. Ko taron sanarwa bai kira mu ba. Har yau in na haɗu da tsohuwar nan kunya nake ji.

Lauyan Zaure:
Hajiya, kin taɓo inda gizo ke saƙar. Kakakin majalisa ne doka ta ɗora wa aiwatarwa, shi ne kuma ke sanar da hukumar zaɓe cewa gurbi ya samu. To in mai sauya sheƙar jam'iyyar kakakin ya komo, kina ganin zai kore shi? Rungume shi ake yi a ɗauki hoto. In kuwa daga jam'iyyar kakakin ya fita, a ranar za a tuna da sashe na 109. Maganar tambari kuma kina da madogara: sashe na 221 ya ce jam'iyya ce kaɗai ke neman ƙuri'a, ba mu da ɗan takara mai zaman kansa, kuma a shari'ar Amaechi ta 2007 kotun ƙoli ta jingina nasarar zaɓe ga jam'iyya.

Kan jinkirin da Baban Hanifa ya fara da shi: kundin ya ce a cike gurbi cikin wata guda. Shugaban hukumar zaɓe ta INEC na lokacin, Farfesa Mahmood Yakubu, ya sha kokawa cewa irin waɗannan zaɓuka na zuwa ne ba shiri kuma ba sa cikin kasafi, har ya nemi a samo hanya mai sauƙin kuɗi ta cike gurbi. Shi ya sa aka tara mazaɓu 16 a jihohi 12 aka yi su rana ɗaya.

Dattijon Fagge:
Yara, ku bari in ba ku labarin abin da na gani da idona. A 1979 PRP ta Malam Aminu Kano ta ci jihohi biyu, Kano da Kaduna. Ba a daɗe ba jam'iyyar ta dare gida biyu, 'yan santsi da 'yan taɓo. Gwamna Abubakar Rimi da Balarabe Musa na Kaduna suna santsi, Malam yana tare da taɓo. Balarabe majalisar da NPN ke da rinjaye a cikinta ta tsige shi a watan Yunin 1981, ko kwamishinoni ba su taɓa amince masa ya naɗa ba. Shi kuma Rimi da 1983 ta zo ya ga ba shi da wurin takara a PRP, sai ya koma NPP ta Azikiwe. Abin da ya yi daga nan shi ne dalilin wannan dogon bayani: ya ajiye kujerar gwamna a watan Mayu, mataimakinsa Abdu Dawakin Tofa ya hau. Babu kotun da ta tilasta masa. Ya fito daga gidan gwamnati ya shiga yaƙin neman zaɓe a matsayin tsohon gwamna, Sabo Bakin Zuwo na PRP ya kayar da shi.

A lokacin mun yi ta gardama a majalisar shayi, wasu na cewa wauta ce, wa ke sakin wuƙa da nama ana gobe zaɓe. Yau sama da shekara 40 ke nan, ina ta duba ko wani gwamna zai maimaita.

Ɗan Gwale:
Allah ya ƙara girma Baba. Amma a yi adalci, watanni kaɗan suka rage wa Rimi a wa'adinsa, ba daidai yake da wanda ke da shekara uku a gaba ba. Ni kuma ina da tambaya in ba za ka ji haushi ba: kai wa ka zaɓa a wannan zaɓen?

Injiniya na Kabuga:
Kafin Baba ya amsa, ina so in ja hankalin masu ganin murabus da sake zaɓe shi ne magani. Na yi karatu a Bangalore, babban birnin jihar Karnataka ta Indiya, ina can a 2019. Indiya ma ƙasa ce mai yawan harsuna da addinai, kuma dokarsu ta hana sauya sheƙa ta fi tamu haƙora. Tun 1985 suka sa ta a kundi, a 2003 suka toshe ƙofar ɓaraka irin wadda Barista ya ambata. Sai 'yan siyasa suka gano wata dabara: ba sai ka sauya sheƙa ba, ka yi murabus kawai. A watan Yulin 2019 'yan majalisar jiha 17 daga jam'iyyun da ke mulkin haɗaka suka janye jiki, yawan kujerun da ake bukata don rinjaye ya ragu, gwamnatin jihar ta Kumaraswamy ta faɗi, jam'iyyar adawa ta BJP ta hau. A Disamba aka yi zaɓen cike gurbi a mazaɓu 15, yawancin waɗanda suka fita suka tsaya a BJP, jam'iyyar ta ci 12, da dama daga cikinsu suka zama ministocin jiha.

Ka ga an bi doka tsaf. An yi murabus, an koma wa jama'a, jama'a sun maido su. Amma sun koma ne da ƙarfin sabuwar gwamnati a bayansu. Talaka yana kallon wanda zai iya kawo masa ruwa da titi a shekara uku da suka rage, ba zai zaɓi ɗan adawa don huce haushi ba. A nan gida ma haka za a yi. Zaɓen cike gurbi zaɓen gwamna ne, duk kwamishinoni da shugabannin ƙananan hukumomi da kuɗin jiha a mazaɓa ɗaya ake juye su.

Baban Hanifa:
Injiniya, na ji ka, amma sakamakon Agustan 2025 bai goyi bayanka gaba ɗaya ba. A Zamfara PDP ke mulki a lokacin, APC ta ci Ƙauran Namoda ta Kudu bayan an je zagayen ƙarasawa. A Adamawa ma PDP ke mulki a lokacin, APC ta ci Ganye. A nan Kano an raba, NNPP ta ɗauki Bagwai da Shanono, APC ta ɗauki Ghari da Tsanyawa.

Injiniya na Kabuga:
Duk wuraren da ka lissafa, wanda ya kayar da gwamna jam'iyyar gwamnatin tarayya ce. Giwa biyu ce ta kara. Nuna mini inda ƙaramar jam'iyya marar gwamna marar minista ta ci. Kuma kar ka manta 'yan sanda da kansu suka ce sun kama ɗaruruwan matasa da makamai a Kano ranar zaɓen. Kujerar majalisar jiha ce fa.

Ɗan Sabon Tasha:
Salama gare ku duka. Ni Kirista ne daga Kaduna, na daɗe ina karanta zauren nan ban cika magana ba. Ku a Kano in an sake zaɓe, faɗan na jar hula ne da waɗanda ba su sa ta ba, amma masallaci ɗaya za ku haɗu ranar Juma'a. Mu a mazaɓar Chikun da Kajuru lissafin ya fi haka nauyi. Akwai Gbagyi, akwai Adara, akwai Hausawa da Fulani, ga mutanen kudancin Kaduna da Ibo da Yarbawa da suka cika unguwanninmu. A 2023 matasa suka haɗu suka zaɓi Ekene Adams na Labour. Ya rasu a Yulin 2024 yana ɗan shekara 39, muka zauna wata 13 babu wakili a Abuja, a yankin da masu garkuwa da mutane suka hana manoma barci. A Agustan 2025 Bagudu na APC ya ci.

Abin da nake so ku gane shi ne, a wuri irin namu kowace kujera tana cikin wani rabo da ba a rubuta ba. In wannan ƙaramar hukuma ta samu ɗan majalisar tarayya, waccan ta samu wani abu. In shugaban ƙaramar hukuma daga wannan addini yake, mataimaki daga wancan. Dattawa sun sha wuya kafin su ɗinke wannan. Duk ranar da kujera ta zama babu kowa, ɗinkin nan ake farkewa, kowa ya fito da tsohon lissafi: mu ne ba mu ƙarasa wa'adinmu ba, a'a mu ne aka daɗe ba a ba mu ba. Wanda ya ga rikicin da ya faru a Kasuwan Magani ta Kajuru a Oktoban 2018 ba ya wasa da taron da zai raba mutane layi biyu. Don haka ina jin zafin da Maman Ikram ke ji, amma ina tsoron dokar da za ta sa mu riƙa zaɓe duk bayan wata shida.

'Yar Bauchi Road:
Yayana na Sabon Tasha ya faɗi abin da ke raina. Ni 'yar Jos ce. Tun da aka ƙirƙiro ƙaramar hukumar Jos ta Arewa a 1991 ake jan igiya kan wa ke da ita, tsakanin Afizere da Anaguta da Birom a gefe guda, da mu Hausawa da Fulanin da kakanninmu suka zo tun zamanin haƙar kuza. A Nuwamban 2008 zaɓen shugaban ƙaramar hukuma kawai aka yi, ɗaruruwan mutane suka mutu. Ina 'yar sakandare a lokacin, kwana uku ba mu leƙa waje ba.

Amma zan faɗi ɗaya gefen. Da Haruna Maitala mai wakiltar Jos ta Arewa da Bassa ya rasu a hatsarin mota a Afrilun 2021, an yi zaɓen cike gurbi a Fabrairun 2022. Mutanenmu da yawa ba su gamsu da ɗan takarar APC ba, suka tattara suka bi PRP, jam'iyyar da ba ta da gwamna ko minista. Aka bayyana Musa Agah na PDP a matsayin wanda ya ci, PRP ta zo ta biyu, APC mai mulkin jiha da ƙasa ta zo ta uku. An yi lafiya an tashi lafiya. Injiniya, ga misalin da ka nema, ko da bai kai ga kujera a ranar ba. Wannan zaɓen ya sa manyan jam'iyyu suka san ƙuri'armu ba gadon kowa ba ce. Da naɗi aka yi a ɗaki, da ba mu samu wannan bakin ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne na 2023. Kotun ɗaukaka ƙara ta cire 'yan majalisar jihar Filato 16 na PDP kan batun shugabancin jam'iyya, aka ba waɗanda suka zo bayansu. A Janairun 2024 kotun ƙoli ta ce wannan hujjar ba ta isa a cire Gwamna Caleb Mutfwang ba, ta maido shi. Su kuwa 'yan majalisar shari'arsu a kotun ɗaukaka ƙara take tsayawa, ba su da inda za su je. Ban zaɓi PDP ba, amma maƙwabtana da suka zaɓe ta suna da gaskiya in suka ce an ba su wakilin da suka ƙi. A irin wannan hukuncin ne Simon Lalong ya ajiye ministan ƙwadago a Disamban 2023 ya karɓi kujerar sanatan Filato ta Kudu.

Ɗan Maraɗi:
Sannunku 'yan'uwa na Najeriya. Mu nan Nijar, kafin sojoji su karɓi mulki ranar 26 ga Yulin 2023, tsarinmu daban ne. Kowane ɗan majalisa ana zaɓensa ne tare da mai jiran gadonsa, sunayensu biyu jam'iyya ke kaiwa. In ya rasu, ko aka ba shi minista, na biyun ya hau, ba a kashe ko dala wajen sabon zaɓe. Kundin 2010 kuma ya ce wanda ya fita daga jam'iyyarsa da kansa ya bar kujerar. Bai hana 'yan siyasarmu yawo ba, amma ba a barin gari wata 16 ba wakili. Me zai hana ku duba wannan?

Ɗan Sabon Tasha:
Wannan ya yi mini. In ɗan takara Bagbagyi ne mai jiran gadonsa ya fito daga Kajuru, ko Kirista da Musulmi, tun ranar zaɓe kowa ya san abin da ya dangwala wa. Babu sabon rabo, babu sabon faɗa.

Maman Ikram:
Ni kuma bai kwanta mini ba. Wa zai zaɓi mai jiran gadon? Uban gida ne zai sa ɗansa ko surukinsa, mu ba mu san shi ba. Ku dubi yadda ake zaman doya da manja tsakanin gwamnoni da mataimakansu. A Zamfara da Matawalle ya koma APC a Yunin 2021, mataimakinsa Mahdi Aliyu Gusau ya ce shi yana nan a PDP da aka zaɓe su a cikinta. Me ya samu? Majalisa ta tsige shi a Fabrairun 2022. Wanda ya tsaya inda aka ajiye shi, shi aka kora.

Ɗan Gwale:
Hajiya, a Zamfara ai PDP ba ta ci zaɓen 2019 a akwati ba. APC ce ta ci, kotun ƙoli ta zubar da ƙuri'unta a watan Mayu saboda ba ta yi zaɓen fid da gwani yadda doka ta ce ba. In ana maganar amanar masu zaɓe, Matawalle komawa ya yi inda mafi yawan jama'a suka dangwala. Ku masu jar hula kullum rabin labari kuke bayarwa.

Shugaban Zaure:
Ɗan Gwale, hujjarka ta Zamfara tana da ƙarfi, ba ta bukatar jimlar ƙarshe. Hajiya ba ta gaya mana jam'iyyarta ba. A ci gaba cikin mutunci don Allah.

Ɗan Gwale:
Na karɓi gyara. Ki yi haƙuri Hajiya.

Lauyan Zaure:
Tunda an zo nan, ku dubi Ribas, don a can ne duk abubuwan da muke faɗa suka haɗu wuri guda. A Disamban 2023 'yan majalisar jiha 27 ƙarƙashin Martin Amaewhule, mutanen tsohon gwamna Wike, suka tsaya gaban kyamara suka ce sun bar PDP sun koma APC. 'Yan tsirarun da ke tare da Gwamna Fubara suka zauna ƙarƙashin Edison Ehie suka ce kujerun 27 sun zama babu kowa. Aka rushe ginin majalisa, gwamna ya gabatar da kasafin jiha gaban mutum huɗu. Daga baya Ehie ya yi murabus daga majalisa gaba ɗaya, aka naɗa shi shugaban ma'aikatan gidan gwamnati. Nan da nan kuma rigimar ta ɗauki launin ƙabila, saboda Fubara ɗan Ijaw ne, Wike ɗan Ikwerre, ƙungiyoyin kowane ɓangare suka fara fitar da sanarwa. Ranar 28 ga Fabrairun 2025 kotun ƙoli ta ce ba a kawo mata hujjar da ta tabbatar da sauya sheƙar ba, su 27 na nan daram. Ranar 18 ga Maris shugaban ƙasa ya sa dokar ta-ɓaci ta wata shida, ya dakatar da gwamna da majalisar duka, ya naɗa tsohon hafsan sojan ruwa Ibok-Ete Ibas.

Da a ce tun a Janairun 2024 an kai waɗannan kujeru 27 gaban mutanen Ribas, da an san wa ke da jama'a. Ni gyaran da nake so ƙarami ne. A karɓe ikon bayyana gurbi daga hannun kakaki, a sa wa shari'ar sauya sheƙa wa'adi kamar yadda aka sa wa ƙarar zaɓe kwana 180, a kuma ware kuɗin cike gurbi a kasafin hukumar zaɓe kowace shekara.

Baban Hanifa:
Barista, ka ƙara da na huɗu. Zaɓen cike gurbi na 3 ga Fabrairun 2024, da yawansa ba mutuwa ce ta jawo shi ba, naɗi ne. Gbajabiamila ya bar kujerar Surulere ya zama shugaban ma'aikatan fadar shugaban ƙasa. Umahi ya bar sanatan Ebonyi ta Kudu, Ibrahim Geidam ya bar sanatan Yobe ta Gabas, Yusuf Tanko Sununu ya bar Yawuri da Shanga da Ngaski, duk suka zama ministoci, watanni kaɗan bayan rantsuwa. Mutum ya roƙi ƙuri'a ta shekara huɗu, ya yi wata biyu ya tafi, a sake ɗibar kuɗin jama'a a yi wani zaɓen. Ni da za a bi tawa, jam'iyyar da ta cire shi ita za ta biya. A nan na yarda da Ɗan Maraɗi: in mutuwa ce ko naɗi, mai jiran gado ya hau. In sauya sheƙa ce, a dawo mana da akwati. Ɗan'uwana na Sabon Tasha, ina ganin in mutum ya san zai koma rana ya sake roƙo, goma ba za su fita ba sai ɗaya, zaɓen ba zai yi yawan da kake tsoro ba.

Ɗan Sabon Tasha:
Wataƙila. Amma wannan ɗayan in a mazaɓata ya faɗo, mu za mu kwana da ido ɗaya. Ka bar ni da shakkata tukuna.

Dattijon Fagge:
Na je sallar la'asar na dawo na tarar kun yi nisa. Ɗan Gwale, ban manta da tambayarka ba, kuma ban ji haushi ba. Gaskiya ne watanni kaɗan suka rage wa Rimi, amma su ne watannin da gwamna ya fi bukatar kujera, don a cikinsu ake zaɓe. Ina sonsa ƙwarai. Shi ya soke haraji da jangali, a ajin yaƙi da jahilci na zamaninsa yayata ta koyi rubuta sunanta. Ranar da ya sauka har hawaye na yi. Amma Malam ya rasu a watan Afrilun wannan shekarar, ko kwana arba'in ba a yi ba aka shiga wannan rigima, ni kuma tun ina saurayi gidansa na Gwammaja nake zuwa sauraron karatu. Da na shiga rumfa na ga mabuɗin PRP a jikin takarda, hannuna bai iya zuwa wani wuri ba. Sabo na zaɓa.